Kafin ka sayi sabon batirin kwamfuta

Sana'ata gyaran kwamfuta da waya a Talata Mafara, kuma masu kawo mini aiki daga Gidan Goga, Maradun da Bakura yawancinsu malaman makaranta ne, da ma'aikatan lafiya, sai ɗaliban kwalejin Abdu Gusau. Kukansu ɗaya ne: batir ba ya riƙe caji, da an zare caja sai kwamfuta ta ɗauke. A wurinmu, inda sai an kai shagon caji ko an jira rana ta bugi sola, mutuwar batir tsayawar aiki ce gaba ɗaya.

Mafi yawan baturan da nake cirewa zafi ne ya gama da su tun shekarunsu ba su kai ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin yankin nan yana wuce digiri 40. A haka mutum zai cusa kwamfuta a jaka ba tare da ya kashe ta sosai ba, ya ɗaure a bayan babur, ya kama hanyar Mafara da tsakar rana. Ya dawo gida ya ɗora ta kan katifa, soso ya toshe ramukan da fanka ke shaƙar iska. Batirin litiyam idan ya haɗa zafi da cikakken caji, ƙarfinsa yana zagwanyewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. A samu tebur ko ɗan katako a ɗora ta, cikin inuwa.

Sai maganar nan da ake gada baki da baki, wai sai batir ya mutu murus kafin a sa caji. Wannan dokar tsofaffin baturan nikel ce. Na litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, ya fi son a ciyar da shi kaɗan-kaɗan kamar jariri, tsakanin kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari. Na sani, mai samun wuta sau ɗaya a kwana biyu dole ya cika shi fal, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ba ni yafewa shi ne a jefa kwamfuta cikin akwati ba ko ɗigon caji har dogon hutu ya ƙare. A cikin batir akwai ƙaramin allo mai tsaronsa. Idan cajin batirin ya yi ƙasa fiye da ƙima, allon yana iya kullewa, ya ƙi karɓar wuta har abada. Mai ajiya ya bar shi da rabin caji.

In har sayen sabo ya zama dole, a nan ake tafka asara. Batirin da ake zarewa ta baya yawanci ƙwayoyi shida ne a cikinsa, irin waɗanda ake kira 18650, kowace na ba da kusan bolt 3.7. Za ka ga an rubuta 10.8V ko 11.1V a jikinsa, mai ƙwaya huɗu kuma 14.4V ko 14.8V. Lambar batirinka da wannan adadi su za ka ɗauka a hoto ka aika wa mai kawo kaya daga Gusau ko Kano. Cewa "na HP nake so" bai isa ba, HP iri-iri ce. Ƙwaya ta gaskiya ba ta cika wuce mAh 3,500 ba, nauyinta kuma wajen giram 45. Duk wadda aka rubuta wa 9,900 ƙarya ce tsagwaronta. Na sha fasa sabon batir sumul a kwali in tarar da tsofaffin ƙwayoyi da aka sake wa riga, wasu ma guda huɗu a gurbin shida. Ɗaga shi da hannu ka gwada da tsohon. In ya fi shi sauƙi sosai, mayar. Kuma kada kuɗi su bar aljihunka sai an yi sharaɗin mayarwa, ka cika shi, ka yi aiki da shi ka ga awa nawa zai kai.

Kwamfutocin yanzu batirinsu falle ne a ciki, kuma yana kumbura. Alamarsa, wurin da kake jan yatsa ya taso ko murfin ƙasa ya buɗe baki. Wasu na huda shi da allura wai iska ta fita. Don Allah a daina, wuta ake tsokana. Ko manyan kamfanoni ba sa wasa da wannan: a 2006 Dell ta janye batura sama da miliyan 4 saboda fargabar gobara. In batir ya kumbura, a kashe kwamfutar, a kai wa mai gyara ya cire, kuma kada a jefa shi bola inda ake ƙona shara yara na tsince-tsince.

Ku kuma 'yan'uwana masu shagon caji, ku daina jibga wayoyi da kwamfutoci kan juna a ƙarƙashin kwano, kuma ku fitar da jarkar fetur daga ɗakin da kuke caji.