Yadda Ake Bin Salsalar Gida

Binciken asalin zuri'a daga ɗakin tsohuwar gida yake farawa. Maza sukan riƙe sunayen kakanni na wajen uba da labarin sarauta, amma mata ne suka san wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wane ne aka bayar riƙo tun daga yaye. Ka tafi da goro ko ɗan turare, ka gaishe ta, ka zauna a ƙasa. Nemi izini kafin ka kunna rikodar waya, don wasu tsofaffin bakinsu kan mutu da zarar sun ga ana ɗaukar muryarsu.

Kada ka ce, "Gwaggo, ba ni tarihinmu." Cewa za ta yi ba ta san komai ba. Ka ce, "Gwaggo, a gidan wa aka yaye ki? Su wa suka raka ki ɗakin miji?" Daga nan zare zai warware da kansa. Ka bar ta ta yi ta ratse, don a cikin ratsen ake tsintar sunayen da aka manta.

Sunaye su ne za su fi ba ka wahala. Saboda alkunya, tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, sai dai "Malam" ko "yaron nan". Kada ka matsa mata, tambayi ƙaninta. Sannan Audu shi ne Abdullahi, Garba da Habu duk Abubakar ne, Shehu kuma sau da yawa Usman ne. Tanko da Ɗanjuma da Talatu laƙabi ne da ke rufe sunan yanka. Mutum ɗaya kan fito maka da suna uku, ka ɗauka mutum uku ne. Haka kuma da yawa sun ɗauki sunan garinsu a makarantar boko, kamar Shagari ko Tafawa Ɓalewa, don haka haɗa sunan ƙarshe ba ya nuna haɗa jini.

Tsofaffi da abubuwan da suka faru suke lissafin shekaru, kai ne za ka mayar da su lamba. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, an yi yaƙin Satiru a 1906, yunwar Kakalaba ta afku wajen 1914, Sarauniyar Ingila ta zo a 1956, an canja hannun tuƙi a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973. Idan aka ce an haifi kawu shekarar da aka naɗa Ado Bayero, to 1963 ke nan.

Daga baki sai takarda. Roƙi a buɗe maka adaka da gafaka. A gidajen malamai akan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a gefen littattafai, da shekarar Hijira. Ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka samu ta Miladiyya kusan daidai: 1350 ta faɗa 1931. Takardun gona, na rabon gado, rasidin haraji da tsohon fasfon aikin hajji duk shaida ne. Ɗauki hotonsu nan take ka mayar wa mai su.

Yanzu ka samu babbar takarda ka zana reshen uba da na uwa, kowane suna da wanda ya faɗa maka shi. Inda Kawu da Gwaggo suka saɓa, rubuta duka biyun, kada ka zaɓi wanda ya fi daɗin ji. Gidaje da yawa suna so a ce daga Gabas ko daga gidan sarauta suka fito. Ka rubuta shi a matsayin abin da ake faɗa har sai ka samu hujja.

Bayan nan ne ake zuwa garin asali, wajen dagaci da limami da tsofaffin wanzamai, waɗanda suka san tsagar kowane gida. Sai kuma Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House a Kaduna, Gidan Ɗan Hausa a Kano, cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, ko cibiyar bincike ta IRSH a Yamai. Rahotannin gunduma na zamanin Turawa sun fi ambaton hakimai da dagatai, amma za su nuna maka lokacin da aka kafa ƙauye da inda mutanensa suka taso. Idan an ce wani kaka ya tafi hajji a ƙafa bai dawo ba, nemi labari ta Chadi da garin Mai Wurno a Sudan. Idan fataucin goro ya yi, to zangunan Salaga da Kumasi.

Wataƙila ka ci karo da zancen bauta, ko rikicin gado, ko cikin da aka ɓoye. Irin wannan ka ajiye shi a littafi na dabam, ka shawarci manya kafin ya shiga takardar kowa. Sauran kuwa ka buga kwafi, ka kai taron zumunci na Sallah, ka bar gurbi a inda suna ya ɓace, ka miƙa biro ga wanda ya fi kowa shekaru a wurin.