Amsar Tambaya: Za A Biya Ni Don Motsin Wayata?

Malam, abokina ya turo min wata manhaja, wai tana tattara bayanan motsin waya don koyar da mutum-mutumi, ta biya ni. Masu manhajar sun ce ba a haɗawa da sunana. In sauke? — Ɗalibi daga Zariya

Ɗan'uwa, ba tatsuniya ba ce. Wayarka tana auna girgiza da juyawa, tana sanin inda kake, kuma masu ƙera mutum-mutumi suna son irin waɗannan bayanai. Sai dai cire suna bai ɓoye ka ba. Wani bincike na 2013 kan masu waya miliyan 1.5 ya gano cewa wurare huɗu da lokutansu sun isa a tantance kashi 95 cikin 100. Wa ke kwana a ɗakinku kullum, ya wayi gari a ajinku, in ba kai ba?

Tambayi masu manhajar: ladan naira ne, ko maki da kirifto da ba a cirewa tukuna? Lissafa data da cajin da za ta cinye. Sau da yawa riba ke nan ta tafi.

In ka sauke, hana ta kyamara da makirfo, ka bar GPS sai lokacin amfani. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ka damar janye amincewarka. Suka nemi kuɗin rajista, BVN ko lambar OTP, goge ta nan take.