Darasin Kasuwanci: Idan Takarda Ta Shiga Lissafi Sau Biyu

Ɗaya daga cikin matsalolin da ke addabar ma'aikatan lissafi a kamfanonin da ke aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa ita ce maimaituwar takarda a littafin kamfani. Wannan na aukuwa har a manyan manhajoji irin na SAP, kamfanin ƙasar Jamus da aka kafa a 1972, wanda ya fito da tsarinsa na R/3 a 1992. Idan ba a farga ba, sai a biya ɗan kwangila sau biyu a kan kaya ɗaya, lissafin harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a Nijeriya a 2020, shi ma ya rikice.

Kuskuren iri biyu ne, kuma wajibi ne akanta ya tantance wanda ya same shi kafin ya taɓa kome.

Na farko shi ne takarda ɗaya ta samu lamba biyu. Sau da yawa akawu yakan aika da takardar neman biya, sai a ɗauke wuta ko layin sadarwa ya katse kafin ya ga shaidar shigarta, sai ya sake aikawa. Wani lokaci kuma reshe da hedkwata kowa ya shigar da kwafinsa. SAP tana da hanyar kama irin wannan, inda take gwada sunan mai kaya da yawan kuɗi da ranar takarda da lambar da mai kayan ya rubuta a kanta. Amma binciken ba ya aiki sai an kunna shi a rajistar mai kayan. Haka kuma, idan wani akawu ya rubuta 0457, wani ya rubuta 457, ko aka buɗe wa mutum ɗaya rajista biyu, na'ura za ta ɗauka takardu ne dabam-dabam.

Na biyu shi ne na'ura ta ba sabuwar takarda lambar da wata ta riga ta ɗauka. Kowane nau'in takarda yana da jerin lambobinsa, da ma'aunin da ke riƙe da lamba ta ƙarshe da aka bayar. Idan aka mayar da ma'aunin baya, alal misali wajen kwaso jerin lambobi daga na'urar gwaji zuwa ta aiki, sabuwar takardar ba za ta samu shiga ba. Haɗarin a nan shi ne akawu yana iya ganin lamba a allonsa, alhali takardar ba ta kai littafi ba. Jami'in kula da na'ura zai duba shafin SM13 don ganin takardun da suka maƙale, ya gyara ma'aunin a shafin FBN1 ya dace da lamba mafi girma da ke littafi, sa'an nan a sake shigar da su.

Idan kuwa iri na farko ne, matakin farko shi ne dakatar da biyan takardun biyu, a gwada su da ainihin takardar mai kaya da shaidar karɓar kaya a sito. Ba a goge takardar da ta shiga littafi. Warware ta ake yi da wata takarda mai soke ta, ta hanyar FB08, domin mai binciken kuɗi ya ga kuskuren da gyaransa. In kuɗi sun riga sun fita, sai a rubuta wa mai kayan ya maido, ko a yi yarjejeniyar cirewa daga biya na gaba.

Rigakafi dai ya fi magani. Ya kamata kamfani ya tsayar da ƙa'ida ɗaya ta rubuta lambar takarda, ya raba mai shigarwa da mai amincewa da biya, ya kuma umurci kowane akawu ya binciki littafi tukuna kafin ya sake aika takardar da yake shakkar shigarta.