Idan Kuloci Ya Nutse a Hanyar Zuba: Shawarwari Ga Masu Mota a Suleja

Motar gida a Suleja ba ta hutawa. Da asuba ta wuce gindin Dutsen Zuma, ta bi ta Madalla, ta shiga cunkoson Zuba da Dei-Dei, a yi ta taka kuloci ana saki har a isa Abuja. Ran Asabar kuma a loda mata iyali da buhuna a kama hanyar Diko da Lambata zuwa Minna, ana bin bayan tankokin mai da tireloli. A irin wannan wahala ce feda take yin laushi, ko ta nutse ta ƙi dawowa, giya ta ƙi shiga. Da yawa sukan garzaya gareji a sauke musu giyabos a sauya fileti, alhali sau da yawa matsalar ba ta wuce man birki da robobi ba. Waɗannan shawarwari na motar da kulocinta ke aiki da mai ne, ba mai waya ba.

1. Ka san abin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Abu uku ne: kulocin sama da ke bayan feda, kulocin ƙasa da ke jikin giyabos, da bututun da ya haɗa su. Man birki ne a ciki. Ka taka, na sama ya tura mai, mai ya tura na ƙasa, injin ya rabu da giya. Duk abin da ya shiga tsakani, iska ko tururi ko yoyo, ƙarfin ƙafarka zai tafi a banza.

2. Idan da sanyin safiya lafiya lau take, sai mota ta ɗauki zafi feda ta yi laushi, ka fara zargin man. Man birki yana jan danshi daga iska, kuma daminar Suleja doguwa ce. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, DOT 4 kuwa 230. Amma da zarar ruwa ya kai kusan kashi 4 cikin ɗari a cikinsa, sai adadin ya faɗo zuwa 140 da 155. To ga bututun a wasu motoci kusa da salansa yake bi, ga zafin watan Maris, ga mota a tsaye a cunkoso babu iskar da ke ratsa injin. Man ya tafasa, tururi ya taru, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Shi ya sa idan aka huta rabin awa sai feda ta dawo kamar ba ita ba, direba ya ce ai ta gyaru. Ba ta gyaru ba. A zubar da tsohon man gaba ɗaya a zuba sabo, kuma a riƙa yin haka duk shekara biyu. Man da ya yi baƙi kamar shayin da ba madara ya daɗe da gama aiki.

3. Kafin ka je wurin bakanike, yi wannan gwaji a fili, ba yara a gaba. Ja hambirki, tada injin, taka kuloci har ƙasa, sa giya ɗaya, ka riƙe ƙafarka a nan. Idan bayan ɗan lokaci mota ta fara yunƙurin tafiya alhali ba ka saki ba, man yana sulalewa. Sai ka buɗe bonet. In man bai ragu ba, robar kulocin sama ce ta gaji, man yana komawa baya ta ciki. In ya ragu, ka nemi inda yake fita: danshi a kafet ƙarƙashin feda na sama ne, ɗigo a gindin giyabos na ƙasa ne.

4. Fedar da sai an yi mata famfo sau uku ko huɗu kafin giya ta shiga, galibi iska ce a ciki. A fitar da ita, aikin mutum biyu ne da sifana. Amma iska ba ta shiga haka kawai. In ta dawo bayan mako guda, akwai inda take bi.

5. Wannan ya fi sauran muhimmanci. A motoci da yawa, kuloci da birki daga kwalba ɗaya suke shan mai, kuma an sa bakin bututun kuloci sama da na birki da gangan, don in mai ya yi ƙasa kuloci ya fara mutuwa kafin birki. Saboda haka fedar da ta nutse tana iya zama gargaɗi cewa birkinka ne ke yoyo, ko takalmansa sun cinye. Kada ka ƙara mai kawai ka hau titin Kaduna da gudu. A duba ƙafafu huɗu tukuna.

6. Akwai kishiyar nutsewar feda, wadda ke rikita har wasu makanikai. Mota ta yi zafi, feda ta yi tauri ta hau sama, ka ba da totur injin ya yi ta kuka amma gudu bai ƙaru ba. Kowa zai ce fileti ya ƙare. Wataƙila. Amma idan an ɗaure sandar da ke bayan feda ta matse sosai, babu ɗan wasa a samanta, ƙaramin ramin da mai ke komawa kwalba yakan toshe. Man ya kumbura da zafi, ya rasa hanyar komawa, ya riƙe kuloci rabi a take. Tsohuwar mesa da ta kumbura ta ciki ma tana yin haka. Ka ce wa bakanikenka, "Oga, a duba wasan feda da mesa kafin a taɓa giyabos." In bai so jin haka ba, ka san kuɗin aiki yake hange. Fileti na gaske in ya ƙare, ko da sanyi yana zamewa, musamman a hawa da lodi, kuma za ka ji ƙauri.

7. Kada a zuba baƙin mai, ko man giya, ko man sitiyari. Suna kumbura roba, a rasa na sama da na ƙasa gaba ɗaya, har da birki in kwalbar ɗaya ce. Ruwan sabulu da wasu direbobi ke zubawa in sun maƙale a daji tsatsa yake bari. DOT 5 kuma ba ya haɗuwa da 3 da 4. Abin da aka rubuta a murfin kwalba shi za a bi, a sayi gwangwani a rufe, ba na awo a gorar ruwa ba. A gida a ɗaga shi sama, guba ne ga yaro, kuma yana cin fenti.

8. Wajen kayan gyara, Zuba na kusa, kuma akwai na kirki akwai jabu. Ka tafi da tsohon a hannu a gwada. Sauya roba kaɗai yana yi idan cikin silindar sumul yake; in ya yi tsatsa, sabuwar robar ba za ta kai sallah ba. Motar da kulocinta na ƙasa ke cikin giyabos, duk ranar da aka sauke don fileti a sauya shi tare, don kada a biya kuɗin saukewa sau biyu.

9. Hali ma yana ciki. A cunkoso ka sa firi ka ɗauke ƙafa. A kan tudu ka tsayar da mota da hambirki, ba da rabin kuloci ba. Kada ƙafar hagu ta kwanta a kan feda kana tafiya.

10. In kuloci ya mutu maka a tsakiyar titi, kunna fitilun haɗari, ka ɗago fedar da yatsun ƙafa ka yi mata famfo, wani lokaci takan ba ka giya ɗaya. In ta ƙi, kashe injin, sa giya ɗaya, tabbatar gabanka babu kowa, ka murɗa makulli. Motar za ta yi tsalle ta tashi da tafiya. Wannan dabarar ta kai ka gefen titi ce kawai. Daga nan ka kashe, ka ajiye alamar gargaɗi nesa a baya saboda manyan motoci, ka fitar da iyali daga ciki, sannan ka kira bakanike.