Ɗan Zomona Yana Cin Kashinsa

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce ɗan zomon da ta saya wa yaranta yana cin kashinsa, ko ciwo ne?

To malama, kwantar da hankalinki, lafiyarsa ƙalau. Kashi iri biyu zomo yake yi. Akwai busasshe da kike sharewa, akwai mai laushi, a cure kamar 'ya'yan inabi, wanda yake cinyewa tun yana fitowa, galibi da dare ko da asuba. Cikinsa ba ya gama tatsar amfanin ciyawa a zagaye ɗaya, sai ya maimaita. Kada ki hana shi.

Amma ranar da ya yini bai ci ba, bai yi kashi ba, garzaya da shi wurin likitan dabbobi, kada ki bari ya kwana.