Tarin Fuka Mai Bijire wa Magani da Sharuɗɗan Shiga Gwajin Sabon Magani

Gabatarwa

Tarin fuka, wato tibi, cuta ce da wata ƙwayar bakteriya ke haddasawa a huhu. Wani masani ɗan ƙasar Jamus, Robert Koch, shi ne ya gano ƙwayar a 1882. Tana bin iska ne idan mai ɗauke da ita ya yi tari, don haka takan sami saukin yaɗuwa a unguwanni masu cunkoso, irin su Koki a cikin birnin Kano.

Yadda Ƙwayar ke Bijirewa

Maganin tarin fuka na wata 6 ne. Idan majinyaci ya ji sauƙi ya daina sha, ƙwayoyi masu rauni sun mutu, amma masu taurin kai suna nan, sai su hayayyafa su cika huhu. Idan suka fi ƙarfin isoniazid da rifampicin, wato manyan magungunan cutar guda biyu, an sami tari mai bijire wa magani ke nan. A da, jinyarsa takan kai wata 18 zuwa 24, haɗe da allurai masu iya kurmantar da mutum.

Amfanin Gwaji

Ba a sanin ingancin sabon magani sai an gwada shi a kan majinyata. Yawanci akan raba su kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu sabon magani, wasu kuma wanda aka saba da shi, sa'annan a kwatanta sakamako. Haka aka yi wa streptomycin a Ingila, aka bayyana sakamakon a 1948. A 2015 kuwa aka fara wani gwaji a Afirka ta Kudu da majinyata 109, inda aka haɗa bedaquiline da pretomanid da linezolid. Kimanin tara cikin goma sun warke. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jinyar wata 6 ta ƙwayoyin haɗiya zalla.

Darasin Kano

Kanawa na da dalilin yin ɗari-ɗari. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200 a Asibitin Zana. Yara 11 sun rasu, iyaye kuma suka yi ƙorafin cewa ba a yi musu bayani ba. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Tun 2007 Nijeriya ta kafa ƙa'idojin binciken lafiya, kuma wajibi ne gwajin magani ya sami izinin hukumar NAFDAC da na kwamitin kula da ɗa'ar bincike.

Haƙƙin Majinyaci

Duk wanda aka gayyata shiga gwaji, haƙƙinsa ne a yi masa bayani da harshen da yake ji: manufar gwajin, illolin maganin, da wanda zai ɗauki nauyin jinya idan wata illa ta auku. Ba ya sa hannu sai ya gamsu. Yana da ikon ƙi, ko ficewa a duk lokacin da ya so, ba tare da an hana shi maganin da aka saba bayarwa ba.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Wanda tarinsa ya kai mako biyu ya je asibiti a auna majinarsa. Awon da maganin duk kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Wanda ya fara shan magani kuwa, ya daure ya kai ƙarshe.