Darasi a kan allon shago da masu cire shi

Ya 'yan kasuwa da dillalai, ku sani tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba ƙaramar hukuma ikon tsara allunan talla. To in an cire allonka aka bar na maƙwabci, aka ce sai ka biya kaza, kada ka tsaya cacar baki da yaran. Su 'yan aike ne.

Akwai dokar 'yancin samun bayani ta 2011. Ka sa a rubuta wa sakataren ƙaramar hukuma takarda, ka nemi kwafin dokar allo, da kuɗin da ta yanka, da lissafin allunan da aka cire a layinku. Ba sai ka faɗi dalili ba. Ka yi takardar biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya. Wannan ka ɓoye ta kamar rasit ɗin buhu ɗari, don da ita za ka ƙirga kwana 7 da doka ta ba su su amsa. Suna iya ƙara 7. In sun hana, kana da kwana 30 ka kai kotu.

Kuɗin kwafi kaɗai ake biya, shi ma a karɓi rasit. Wassalam.